Kube da Maliƙi: Neman Sunan Abubuwan da Ake Adana Kan Sarki da Su

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Tambayar da aka jefo mana ita ce, wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki ma'anar abin da masu tara kan sarki suke kira "mount" da Turanci, kuma ko kalmar nan za ta wadatar har ga ɗan'uwansa da suke kira "hinge". Na bi shawarwarin da aka bayar ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na tsaya a kai shi ne kalma guda ba za ta ɗauki abubuwan biyu ba, domin ɗaya yana taɓa jikin kan sarki da danƙo, ɗayan kuwa ba ya taɓa shi, kuma a wajen masu wannan sha'awa darajar kan sarkin da ba a yi amfani da shi ba a kan wannan bambanci take hawa ko ta faɗi.

Shi kansa kan sarki ba ya bukatar sabon suna, magabata sun riga sun hutar da mu. Na farko a duniya, wato Penny Black, ya fito a Ingila a shekarar 1840 ɗauke da kan Sarauniya Victoria, kuma kanta ne a kan waɗanda aka buga wa Arewacin Nijeriya a 1900, kafin na Sarki Edward na Bakwai da na Sarki George na Biyar su biyo baya. Bahaushe ya dubi abin da ke jikin takardar ya raɗa mata suna, sunan kuma ya zauna daram har bayan da aka fara buga hoton gyaɗa da mahayan Barno a jerin 1953. 'Yan'uwanmu na Nijar suna cewa tambur, daga Faransanci, kuma ba na ganin dalilin da zai sa a kori ɗaya saboda ɗaya.

Kafin a raɗa suna ya kamata a ga abin da idon zuci. "Hinge" ɗan guntun takarda ne shara-shara, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, an shafa masa danƙo a gefe ɗaya, an kuma naɗe kansa kaɗan. Ana ɗan jiƙa gajeren ɓangaren a manna shi a bayan kan sarki daga sama, sannan a jiƙa dogon ɓangaren a manna shi a shafin albam, ta yadda za a iya ɗaga kan sarkin a dubi bayansa ba tare da an cire shi ba. Turawa sun aro masa suna ne daga ƙarfen da ƙyauren ƙofa yake juyawa a kansa. Aibinsa shi ne duk ranar da aka ɓanɓare shi sai ya bar tabo a danƙon bayan kan sarkin, wani lokaci ma ya tafi da ɗan ɓawon takardar, wurin ya yi sirara. Saboda haka ne kundayen farashi na masu wannan ciniki suke raba sabon kan sarkin da danƙonsa yake lafiya lau da wanda aka taɓa manna masa wannan takarda, kuma na farkon ya fi tsada.

"Mount" kuwa roba ce mai falle biyu, na gaba garai-garai, na baya sau da yawa baƙi domin haƙoran gefen kan sarkin su fito sarai. Akwai wanda aka rufe ƙasansa kawai, irin na kamfanin Hawid na Jamus, a zura kan sarki ta sama. Akwai kuma wanda aka rufe sama da ƙasa aka tsaga bayansa a tsakiya, irin na Showgard. Danƙon yana bayan robar ne, ita ake mannawa a shafi, kan sarkin kuwa yana zaune a ciki babu abin da ya kama shi, ana iya zaro shi a mayar.

To, ga shawarwarin. Wani ɗan'uwa ya ce a kira shi leda kawai, tunda haka idon kowa zai gan shi. Wannan ita ce shawarar da na fi jin tsoro, kuma ina roƙon a janye ta. Duk wanda ya karanta cewa ana adana kan sarki a leda, zai nufi shago ya sayo albam ɗin hotuna na kasuwa, alhali da yawansu an yi su ne da roba mai laushi ta PVC, wadda sinadarin da ke tausasa ta yake tsatstsafowa a hankali, ya ɓata launin tawada, ya sa takarda ta yi maiƙo. Robar da masu adana kayan tarihi suka amince da ita daban ce, irin su folistirin da foliyesta waɗanda ba a zuba musu wannan sinadari ba. Suna irin wannan zai iya jawo wa mutum asarar abin da ya gada daga kakansa.

Hajiya ta kawo riga, ta kafa hujja da yadda ake cewa rigar waya. Hujjar tana da ƙarfi, Hajiya, kuma da a ce babu wata kalma da na bi bayanki. Abin da ya hana ni shi ne riga ta riga ta ɗauki kaya da yawa, kuma ba ta nuna cewa abin zurawa ake yi a zaro. Aljihu ma an ambace shi, amma ina ganin akwai wurin da ya fi dacewa da shi: akwai wani littafi mai shafuka masu kauri, kowane shafi da layukan takarda shara-shara ko roba a jere, inda ake soka kan sarki kafin a tsara su. Wannan shi ya cancanci a kira shi kundi mai aljihu, a bar albam ga littafin da aka tsara shi aka rubuta bayani a ƙarƙashin kowane kan sarki.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, gafakar da ka kawo ta burge ni, domin tana ɗauke da ma'anar girmama abin da ke ciki. Sai dai gafaka jakar fata ce da ake saka littafi sukutum bayan an haɗa warƙoƙinsa a tadarishi, kuma kunnen Bahaushe ya saba jin ta tare da Alƙur'ani da littattafan ilimi. Idan har za a are ta, to kwalin da ake zura albam gaba ɗaya a ciki domin kare shi daga ƙura shi ya fi kama da ita, ba ɗan gidan kan sarki guda ɗaya ba.

Kalmar da nake goyon baya ita ce kube. Kube ana yin sa ne daidai da abu guda, ana zura abin a zaro shi, yana riƙe shi ba tare da ɗauri ko manni ba, kuma aikinsa kariya. Waɗannan siffofi huɗu su ne ainihin siffofin abin da muke nema wa suna, har da batun awo, domin ana sayar da shi ne da ma'aunin milimita, kuma idan ya matse kan sarki sai ya lanƙwasa masa haƙora. An yi ƙorafi cewa kuben wuƙa ɓoye ta yake yi, wannan kuwa nuna abin da ke cikinsa yake yi. Gaskiya ne, amma Hausa ta saba raɗa suna bisa aiki, ba bisa abin da aka ƙera da shi ba, kuma a inda ake tsoron ruɗani sai a ce kuben kan sarki. Ku gwada shi a baki: "Kada ka manna shi, saka shi a kube." Ko yaro ya ji ya fahimta.

Ɗan guntun takardar kuma, an kawo maƙali da maliƙi. Sunan kayan aiki a Hausa yana ɗaukar ma- a gaba da -i a ƙarshe, kamar buɗe da mabuɗi, girbe da magirbi, duba da madubi. Aikatau maƙala ya riga ya fara da ma- tun daga tushensa, saboda haka bisa ƙa'ida mamaƙali za a samu, wanda yake da nauyi a harshe. Liƙa kuwa yana ba da maliƙi ba tare da wata wahala ba, kuma yana faɗin gaskiyar abin, cewa liƙi ake yi, wanda shi kansa gargaɗi ne ga mai sabon kan sarki. Wanda aka riga aka buga wa hatimin gidan waya, danƙonsa ya tafi, shi ba laifi a sa masa maliƙi, kuma ya fi araha.

Ɗan ƙarfen da ake ɗaukar kan sarki da shi, domin gumi da maiƙon yatsa suna barin tabo, hantsaki ya ishe shi. Na guje wa matsefata saboda tsininta na cire ƙaya ne, wannan kuwa bakinsa faffaɗa ne mai santsi.

Dalilin da ya sa na damu da a raba kube da maliƙi ya fi ƙarfi a yanayi irin namu. Danƙon bayan kan sarki, wanda a Ingila ƙaro ne har zuwa wajen 1968, yana shan raɓar damina ya yi laushi ya kama shafi, da hunturu kuma ya bushe ya nannaɗe takardar, ga gara da kyankyasai suna son sa. Idan kan sarki ya kama shafi, abin da zuciya take fara rayawa shi ne a jiƙa shi da ruwa, alhali da yawa daga cikin na zamanin mulkin mallaka, waɗanda kamfanin De La Rue ya buga, an yi su ne da tawadar da aka shirya ta zube a ruwa da gangan, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da su. Ku ɗauka mutum yana da na fam 25 na Arewacin Nijeriya na 1904, wanda yake cikin mafiya wuyar samu a ƙasashen renon Ingila: kofin ruwa ɗaya ya isa ya kashe koren launinsa. Shi ya sa ko da an saka a kube, ana jera albam a tsaye ne, ba a jibga su a kan juna ba, a wuri mai sanyi marar laima, a kuma riƙa buɗe su suna shan iska.

Abin da ake baje kolin kan sarki a ciki kuwa, firam ya riga ya shiga bakin mutane ta hanyar masu hoto, kuma a wuraren baje koli na duniya kowane firam shafi 16 yake ɗauka. Sai dai haske yana cin launi, wanda ya sa tarin kan sarkin da wani Bature, Thomas Tapling, ya bar wa gidan tarihin Birtaniya a 1891, tarin da yanzu yake ajiye a babban ɗakin karatun ƙasar a Landan, aka saka shi a firam-firam masu shigewa cikin bango, mai kallo ya jawo ɗaya ya duba ya mayar da shi cikin duhu. Irin wannan ina ba da shawarar a kira shi firam na ja, domin a bambanta shi da na ratayewa a bangon falo, wanda bai kamata a saka kan sarki mai daraja a cikinsa ba.