Na zuba flg22 ganye ya yi shiru, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Ɗalibar_Tsirrai: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina gwajin luminol (sinadarin da ke ba da haske idan ganye ya tayar da garkuwarsa) da ganyen Arabidopsis, ɗan tsiron nan da ake bincike da shi. Na zuba flg22, guntun furotin na bakteriya da ke tayar da garkuwar tsiro, na yi ta jira, inji bai nuna ko ɗigon haske ba. Don Allah ku ba ni naku labarin.

Baban_Benci: Wa alaikumus salam. Ni tawa akasin taki ce, haske tun kafin a zuba komai. Yankan ganye ai rauni ne, shi kaɗai ya isa ya tayar da tsiro. Yanzu sai 'yan guntayen ganyen sun kwana a ruwa nake taɓa su. Washegari da an zuba flg22, cikin minti 10 zuwa 15 layin haske a inji ya hau ƙololuwa, sannan ya sauko a hankali.

Yaya_Hadiza: Ƙanwata, duba takardar irin tukuna. An taɓa ba mu irin Arabidopsis da ake kira Ws-0, shi kuwa furotin FLS2 ɗinsa ba ya aiki. FLS2 ne ke zaune a fatar ƙwayar tsiro yana cafke flg22, wannan guntun na amino asid 22 daga jelar da bakteriya ke iyo da ita. Da ya cafke sai ya manne da furotin BAK1, wani furotin BIK1 ya kunna na gaba, RBOHD, shi ke fitar da sinadarin da luminol ke haskawa da shi. Babu FLS2, ko kwalba guda kika juye shiru za ki ji. Da muka sa elf18, wani guntun furotin na bakteriya, a ganyen nan dai, nan take ya amsa, don EFR ɗinsa, mai cafke elf18, lafiya lau.

Ɗalibar_Tsirrai: Na gode Yaya. Nawa irin Col-0 ne, mai FLS2 da ke aiki.

Mai_qPCR: To sai ki zargi maganin, wato flg22 ɗin, ƙila ya lalace a firiza saboda yawan narkewa da daskarewa. Ni ban cika yarda da haske kaɗai ba, FRK1 nake aunawa, ƙwayar gado da ke kunnuwa idan tsiro ya ji flg22. Furotin MPK3 da MPK6 suna tashi cikin 'yan mintuna, su miƙa saƙo ga su WRKY masu kunna ƙwayoyin gado, sai ki ga FRK1 ya hau. Akwai ma gwaji mai araha: ki bar 'yan tsiro cikin ruwan flg22 kamar mako guda. In maganin na da rai, za su tsumbure kusa da 'yan uwansu.

Ɗan_Fadama: Ni a Nicotiana benthamiana, ɗan uwan taba, nake aiki. flg22 yana ji, elf18 kuwa ko a jikinsa, domin EFR na dangin kabeji ne. Ki samo ganyensa ki gwada maganin naki a kai, ki sa sabon peroxidase, sinadarin da ke taimaka wa luminol ya haska.