Ta yaya ake gayyatar aboki coci a lokacin Adben ba tare da an takura shi ba?

Mai Neman Sani:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Adben, lokacin jiran zuwan Almasihu, ya matso. Idan ɗan Katolika yana da aboki na kusa wanda ba ɗan ɗariƙarmu ba ne, ko wanda ya daɗe rabonsa da Mas, wato babbar sujadar Katolika, ta ina zai fara? Wace rana ce ta fi dacewa a gayyace shi, kuma me ya kamata ya sani kafin ya shiga coci?

Baba Katikis:
Ɗana, fara da ƙirga kwanakin, don ba su da yawa. Adben Lahadi huɗu ne. Yana farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya ƙare ranar 24 ga Disamba, wato kwana 22 zuwa 28. Gajartar nan ce ke sa mutane gaggawa, gaggawar kuma ke ɓata abota.

Makon farko kada ka gayyace shi ko'ina. Ka riƙa ambaton sunansa a addu'a kullum, ka ziyarce shi, ka saurari abin da ke damunsa. Idan a gidanka ana kunna kyandirori huɗu na Adben, uku shunayya ɗaya ruwan hoda, bari ya gani, shi da kansa zai tambayi ma'anarsu. Tambayar da ta fito daga bakinsa ta fi wa'azin da ka shirya shiga zuciya.

Gayyata kuwa, na fi son Lahadi ta uku, Lahadin farin ciki, ranar da ake kunna kyandir mai ruwan hoda. Ka faɗa masa tun kwana huɗu ko biyar kafin ranar, sau ɗaya, a taƙaice. Filibus, almajirin Yesu, bai yi gardama da Nata'ala ba sa'ad da ya yi shakkar Yesu, cewa ya yi ya zo ya gani, kamar yadda yake a Yahaya 1:46. In ya ce a'a, ka karɓa da fara'a, ziyararka kuma kada ta ragu. Da zarar ta ragu, zai gane cewa ba shi kake so ba, mutum kawai kake nema a ƙara a lissafi.

Uwar Zumunta:
Baba ya gama magana kan lokaci. Ni abin da ya fi damuna shi ne Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da aka tsarkake ake karɓa a Mas, domin nan ne baƙo ke shan kunya. A ƙa'ida, wanda ba Katolika ba ba ya karɓa. Idan ba ka gaya masa tun a gida ba, zai ga layi ya bi, sai ka riƙo hannunsa a gaban jama'a. Wannan kunyar kan hana mutum dawowa. Ka ce masa mu mun gaskata jikin Kristi ne da jininsa, karɓarsa kuma shaida ce ta cikakkiyar tarayya da ikilisiya, ba raini ba ne. Zai iya zama a wurinsa ya yi addu'a. A wasu majami'u ana barin mutum ya fito ya ɗora hannuwa a ƙirji don Fada ya sa masa albarka, amma ba ko'ina ba, sai ka tambaya tukuna.

Ku isa da minti goma kafin a fara, ku zauna inda zai ga bagade, ka buɗe masa karatun ranar. Ka ce masa durƙuso ba dole ba ne.

Ga wanda Katolika ne ya daɗe bai zo ba, lamarin daban ne. Shi furta zunubi a gaban Fada yake buƙata kafin ya karɓi Jibi. Majami'u da yawa kan ƙara lokutan furci a Adben. Ka nemo masa ranar da sa'ar, ka raka shi, amma kada ka tambaye shi abin da ya faɗa.

Malamin Koyarwa:
Ku shirya wa tambaya kan Maryamu, don bikinta na ranar 8 ga Disamba yana faɗowa cikin Adben. Da yawa, har da namu, suna zaton bikin ɗaukar cikin Yesu ne. A'a, bikin ɗaukar cikin Maryamu ne ba tare da zunubin asali ba, koyarwar da Fafaroma Piyus na 9 ya tabbatar a 1854. Ka bayyana cewa girmama ta muke yi, sujada ta Allah ce shi kaɗai. In an yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce za ka binciko, ka kuma dawo da amsar.

Abu ɗaya nake roƙo da gaske: kada a haɗa taimako da gayyata. Taron Batikan na Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1965, ya hana tilasta wa mutum ko jan ra'ayinsa da dabarun da ba su dace ba domin ya karɓi bangaskiya. In abokinka na cikin buƙata, ka taimake shi ko ya zo coci ko bai zo ba.

Idan daga baya ya ce yana son ƙarin sani, ka haɗa shi da Fada ko katikis. Koyarwar manya kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, baftismarsu kuma yawanci a daren Ista ake yin ta, don haka kada ka yi masa alkawarin za a gama komai kafin Kirsimeti.