Me za mu kira "drama therapy" da Hausa?

Auwalu:
Salamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, kalma nake nema. Muna haɗa wani shiri na rediyo a kan yadda ake amfani da wasan kwaikwayo da zane-zane da waƙa wajen kula da mutanen da yaƙi ya firgita, abin da Turawa ke kira "drama therapy", na zanen kuma "art therapy". Kalmar za ta yi ta fitowa a shirin, don haka dogon bayani ba zai yi ba. Ina son wadda tsohuwa a Yakasai za ta ji ta gane ba tare da an yi mata tafinta ba.

Ga asalin abin a taƙaice, don kada a ɗauka nishaɗi nake nufi. Wani likita mai suna Jacob Moreno na cikin waɗanda suka kafa tushensa. Ya yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Ostiriya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya koma Amurka a 1925. Dabararsa ita ce, maimakon mai damuwa ya zauna yana ba likita labari, sai ya tashi ya kwaikwayi abin da ke cin sa, mutanen ɗakin su tsaya a matsayin uwarsa ko ubansa ko wanda ya cuce shi. Sunan na zanen kuwa wani mai zane ɗan Ingila ne, Adrian Hill, ya raɗa shi a 1942, bayan ya kwanta da tarin fuka ya ga irin taimakon da zane ya yi masa. A zamaninmu akwai gidan wasan da aka buɗe wa yara a sansanin Jenin na Falasɗinu a 2006, akwai kuma matasan Gaza da suka rubuta abin da idonsu ya gani a yaƙin 2008 zuwa 2009, aka gabatar da shi a ƙasashe da dama a 2010.

Na rubuta "maganin wasan kwaikwayo" na wucin gadi, amma bai kwanta mini ba.

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ai dole ya ƙi kwanta maka. Abin da ya biyo bayan "maganin" shi ake kora: maganin sauro, maganin zazzaɓi, maganin ɓarayi. Faɗi wannan a rediyon Kano ka gani, mutane za su ɗauka hukumar tace fina-finai ce ta fito da sabuwar doka. Kada kuma wani ya kawo mana "jinyar kwaikwayo", wannan jinyar ƙarya ke nan.

Ummi:
Allah gafarta Malam, to maganin gargajiya fa? Ai ba gargajiyar ake kora ba. Ni dai da za a bi tawa, "wasan kwantar da hankali" ya wadatar. Ko "wasan ɗebe kewa".

Malam Kabiru:
Kin kama ni ta nan, Ummi. Sai dai gargajiya ba abu ba ce da wani ke neman rabuwa da ita. Wasan kwaikwayo kuwa a garin nan akwai masu neman maganinsa da gaske, kunne can zai fara tafiya.

Sista Hadiza:
Ƙanwata Ummi, ki yi haƙuri, ban yarda da "kwantar da hankali" ba, kuma zan faɗi dalili. Ma'aikaciyar jinya ce ni a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, na kuma taɓa zama a irin wannan taro da matan da suka gudo daga Borno suka zauna a bayan gari. Abin yakan fara ne da tayar da hankali, kwanciyar sai daga baya, in Allah ya yarda.

Bari in ba ku misali ɗaya. An shimfiɗa tabarmi, mata sun zagaye. Wadda ke jagorantar zaman ta ajiye kujera 'yar tsuguno a tsakiya, ta ɗora hula a kai, ta ce duk mai maganar da take son gaya wa mai hular nan, ga shi nan zaune. Aka yi shiru har na fara jin kunya. Can wata mata da tun zuwanta ba ta cewa komai sai "lafiya lau" ta matso, ta durƙusa kamar yadda take gaida mijinta. Mijin ya fita ne ranar da aka shiga garinsu, ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba. Abin da ta fara ce wa hular shi ne ya tafi da makullin akwati. Daga makulli ta shiga faɗa, daga faɗa ta tambaye shi ko ita matar aure ce ko mai takaba, don ba wanda ya iya gaya mata. Sannan jagorar ta ce ta tashi ta zauna a kujerar, ta riƙe hular, ta ba kanta amsa da bakinsa. A nan ne ta fashe da kuka, rabin matan suka taya ta.

Wurin da gwaninta take shi ne ƙarshen. Ba a sallami kowa a haka ba. An sa ta ajiye hular da hannunta, ta faɗi sunanta da ƙarfi, ta faɗi unguwar da take yanzu da sunayen 'ya'yanta, aka yi waƙar daka tare ana tafi, aka sha kunu. Wanda bai koyi aikin ba zai iya buɗe mikin, rufewar ce ba zai iya ba, sai mace ta koma gida ta kwana ba barci. Duk sunan da za ku zaɓa, ya nuna cewa aikin lafiya ne mai ƙa'ida.

Ɗanlami:
Anti Hadiza ta gama magana. Ni ɗan wasa ne, a Zariya na yi karatu, kuma ina ganin abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai wasan wayar da kai, irin wanda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya shahara da shi tun shekarun 1970, a je ƙauye a shirya wasa da manoma a kan matsalarsu. Malam Aminu Kano ma ya rubuta wasanni don buɗe idon talakawa. Wannan yana da sunansa. Akwai wasan da ake yi wa mutane cikin yaƙi don su tuna su mutane ne, kamar a Sarayebo, da aka yi wa birnin ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, amma 'yan wasa suka ci gaba da hawa dandamali da hasken kyandir. Wannan shi ya dace da "ɗebe kewa" ɗin Ummi, ko ƙarfafa gwiwa. Na ukun shi Auwalu ke nema, inda babu 'yan kallo, mai ciwon shi ne ɗan wasan.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. A tashe yaro kan sa gemun auduga ya faɗi abin da ba zai iya faɗa wa babba da fuskarsa ba. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarkin na kallo. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa in ka ari bakin wani, maganar da ta maƙale takan fito. Shawarata "wasan waraka". Gajere ne, yana da daɗin faɗa.

Baba Alhaji:
Yara, ku da kuke ta zagaye-zagaye, a da wanda ya ruɗe ai girka ake yi masa, da kiɗa da rawa da komai. Ba sunan ke nan ba?

Malam Kabiru:
Ranka ya daɗe, Baba, a tarihi akwai kama, masu nazari ma sun yi rubutu a kan haka. Amma girka ta bori ce, ta ginu a kan iskoki, wannan kuwa ba ruwansa da su. Ranar da aka kira shi girka a rediyo, ranar magidanta za su hana matansu zuwa, limamai kuma su samu abin huɗuba. A bar wa bori kalmarsa.

Sista Hadiza:
"Waraka" ma ina da ja a kanta, Ɗanlami. Na farko alkawari ce, mu kuwa ba ma yi wa kowa alkawarin warkewa. Namu jinya, waraka ta Allah ce. Wani zai samu sauƙi, wani sai an haɗa masa da ganin likita da ƙwayoyi, wani ma sam bai kamata a sa shi a irin wannan zama ba sai ya ɗan dawo hayyacinsa. Na biyu, ka duba allunan masu maganin Musulunci da na gargajiya a titunan garin nan, ka ga yadda suka riƙe kalmar. Mai jin "wasan waraka" zai zo yana tsammanin ruƙiyya ko rubutu.

Sannan Auwalu, don Allah kada "taɓin hankali" ta fito a shirin nan a matsayin sunan abin da ke damun mutanen. Kana faɗin ta kowa zai tuna asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ka ce firgici, ko kaɗuwa, ko razana. Mutanen Kano ba sai an yi musu fassarar wannan ba. Wanda ya ga hare-haren bam na ranar 20 ga Janairun 2012, ko yana Babban Masallacin Juma'a da aka kai hari ranar 28 ga Nuwamban 2014, ya san yadda ƙarar fashewar taya ke tsinka masa gaba har yau.

Malam Kabiru:
To ai Sista ta ba mu kalmar ba ta sani ba: jinya. Jinya ɗawainiya ce mai ɗaukar lokaci, ana yin ta da haƙuri, ba ta kuma ɗauke da alkawari. Abin da ya rage shi ne yadda za a ƙulla ta, kuma "da" ta kayan aiki ta ishe mu, irin ta yanka da wuƙa, rubutu da alƙalami. Sai mu ce jinya da wasan kwaikwayo. Amfaninta shi ne tana haihuwa: jinya da waƙa, jinya da kiɗa, jinya da tatsuniya. Na zanen a ce jinya da zane-zane, saboda a rubuce "jinya da zane" za ta iya zama ta zanen ɗaurawa. Na so in ba da "jinya da fasaha" ta rufe su duka, sai na tuna yaran yanzu in sun ji fasaha kwamfuta suke gani.

Ummi:
Ta yi, Malam, amma ta yi tsawo a bakin mai gabatarwa. In an faɗe ta cikakkiya a farko, ba za a iya ci gaba da wasan jinya ba? Tana tafiya da wasan gauta, wasan tashe, wasan sallah.

Ɗanlami:
Ni kam "wasan jinya" yara nake gani suna wasan likita da 'yartsana. Har yanzu "wasan waraka" ta fi mini daɗi a kunne, kuma a dandamali ita zan riƙa faɗa. Amma tunda masu aikin sun ce akwai matsala, ba zan hana ruwa gudu ba.

Auwalu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka wa Sista da alheri. Ga abin da zan shigar: cikakken suna jinya da wasan kwaikwayo, zaman kansa kuma wasan jinya. Saura mai yin aikin. "Mai jinya" ba za ta yi ba, don a asibiti ana faɗin ta ga maras lafiya, ana faɗin ta ga mai zama da shi.

Sista Hadiza:
Ka ce jagora, haka matan ma suke kiran tamu. Jagoran wasan jinya, ko jagorar in mace ce. Kuma ka faɗa a shirin cewa sai wanda aka horar, kada gobe wani ya tara marayu a tsakar gida ya ce su kwaikwayi yadda aka kashe iyayensu.

Auwalu:
An gama, Sista. Jimlar buɗewa za ta zama haka: "A yau za mu duba jinya da wasan kwaikwayo, wato yadda ƙwararrun jagorori ke taimaka wa waɗanda yaƙi ya firgita su fitar da abin da ke cikinsu." Malam, in akwai gyara a jimlar a turo mini kafin Laraba, ranar za mu naɗi shirin.