Ɗaukar Hoton Kwaɗon Bishiya a Lambun Gida: Taƙaitaccen Abin da Aka Tattauna

1. Kusan kowa ya yarda cewa daren damina, bayan an ɗauke ruwa, shi ne lokacin da ya fi dacewa, domin a lokacin ne kwaɗon yake fitowa kan ganye.

2. An amince a sunkuya daidai tsayinsa, a saita kyamara kan idanunsa.

3. Kada a taɓa shi da hannun da aka shafa wa mai ko sabulu, saboda fatarsa tana tsotse abin da ya taɓa ta.

4. Kan filasha aka rabu. Wasu suna amfani da ita, wasu kuwa sun ce tana sa jiƙaƙƙiyar fatarsa ƙyalli, don haka suka fi son tocilan da aka lulluɓe da farin ƙyalle, wadda a ganina ta fi.