Ja yana dusashewa idan na ajiye hoto da Pillow, in koma OpenCV ne?

Ummi_kod: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata ƙaramar manhaja da na rubuta da Python. Mutane suna turo hotuna daga wayoyinsu, ita kuma ta rage girmansu, ta ƙara musu ɗan haske, ta ajiye su a JPEG. Pillow, laburaren sarrafa hotuna na Python, nake amfani da shi. Damuwata ita ce wasu hotunan, musamman na iPhone, jansu yana fitowa a koɗe kamar tufar da ta sha wanki. Ban taɓa launi ba, Brightness kawai na sa 1.1, kuma ko da na cire layin abin bai sauya ba. Hotunan sun kusa 4,000, ranar Litinin zan miƙa aikin. In sake rubuta komai da OpenCV, wani laburaren sarrafa hotunan, ko akwai abin da na tsallake? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya agaza min.

Dogo: Wa alaikumus salam. BGR ne ƙanwata, ba wani abu ba. OpenCV yana jera launi shuɗi, kore, ja, sauran laburare kuma ja, kore, shuɗi. Ki sa cvtColor da COLOR_BGR2RGB ki huta.

Ummi_kod: Yaya Dogo ai ban shiga OpenCV ba tukuna, tambayar kenan.

Hajjo: Ni dai ImageEnhance.Color nake ba 1.3, launi ya dawo da ransa. 1.0 shi ne hoton yadda yake, 0.0 kuma baƙi da fari. Ki gwada, minti biyu ne.

Tsohon_Hannu: Kafin ki gwada komai, ki gaya min: a kan asalin fayilolin kike ajiyewa? Don ni abin da ya same ni har yau in na tuna sai zuciyata ta ɓaci. Wani mai ɗaukar hoto ya ba ni aikinsa na wata guda, ya ce sun yi duhu, in ƙara musu haske gaba ɗaya. Na mayar da su jerin lambobi da laburaren NumPy, na ƙara 100 a kan kowane fiksil, na gwada da hoto ɗaya mai duhu sosai, ya yi kyau. Sai na sake shi a kan jakar duka na je na kwanta. Da safe na buɗe, duk inda sararin sama yake ko farar riga, ya koma dabbare-dabbaren baƙi da kore. Dalili kuwa uint8, nau'in lambar da ake ajiye launin fiksil da shi, ba ya wuce 255. In ka haɗa 200 da 100 ba 300 zai ba ka ba, zagayowa yake yi ya ba ka 44, kuma ko uffan ba zai ce ba. Da na yi amfani da cv2.add da ya tsaya a 255, ko in mayar da lambobin int16 in datse da np.clip. Abin da ya fi ciwo, sunan fayil ɗaya na bayar wajen buɗewa da ajiyewa, shi kuma mutumin ya riga ya goge katinsa. Kwana uku ina ƙoƙarin juya lissafin baya, amma JPEG ya riga ya matse hoton, gefen kowane dabbare ya lalace. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi Allah ya kyauta, kuma daga ranar bai sake kirana ba.

Hajjo: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Malam.

Dogo: Wannan ai laifin NumPy ne, shi ya sa nake cewa OpenCV. Ki mayar da hoton HSV (H nau'in launi, S ƙarfinsa, V haskensa), ki kamo ja daga 0 zuwa 10 da kuma 170 zuwa 179, ki ɗaga S ɗinsa kaɗai.

Sani_JS: 179 kuma? H ai zagaye ne, 0 zuwa 360. Ko a CSS haka yake.

Hajjo: Ni a wurina 255 nake gani iyakarsa.

Malama_Fiksil: Dukkanku kun yi gaskiya, kowa laburarensa yake faɗa. OpenCV yana raba 360 biyu don ya shiga bit 8, shi ne 0 zuwa 179. Pillow yana shimfiɗa shi 0 zuwa 255. colorsys na Python kuma daga 0 zuwa 1 yake aiki. Amma babu ɗaya a ciki da ya shafi Ummi. Ku sake karanta tambayarta: ta cire gyaran haske, jan bai dawo ba, kuma hotunan iPhone ne. Tun iPhone 7 a 2016 wayoyin nan suna ɗaukar hoto a tsarin launi na Display P3, wanda ya fi sRGB, tsarin da aka saba da shi a intanet, faɗi, musamman wajen ja da kore. A cikin fayil ɗin akwai bayanin ICC da ke gaya wa allo ma'anar lambobin. Pillow yana karanta shi ya aje a im.info, amma in kika ajiye a JPEG ba ya mayar da shi sai kin ce ya yi. Bayanin na faɗuwa, burawuza ta ɗauka sRGB ne, lambobin ba su canza ba amma jan ya koɗe. Ummi, ki buga im.info.get("icc_profile") a kan asalin hoton da kuma wanda kika ajiye. Hanya biyu ce: ko ki miƙa shi ga save, ko ki juya hoton zuwa sRGB da ImageCms.profileToProfile. Ni ta biyun na fi so ga hoton da zai hau intanet. Komawa OpenCV ba zai warkar da ke ba, imread ɗinsa ma bai kula da wannan bayanin.

Dogo: Malama, da girmamawa, shekara takwas ina wannan aikin ban taɓa buɗe ImageCms ba, kuma ba wanda ya dawo min da aiki.

Malama_Fiksil: Aikinka na gano abubuwa ne a kyamara, Malam Dogo, inji ne yake kallon hotonka. Nata mutane ne za su ɗora shi kusa da na wayarsu su kwatanta.

Hajjo: To 1.3 ɗina fa? Ai yana aiki.

Malama_Fiksil: Yana rufe matsalar a hotunan P3, sai ya ƙona waɗanda dama sRGB ne. Ki duba fatar mutane a cikinsu.

Sani_JS: Dogo, ba kai ne ka turo mana hoton gwaji bara duk fuskokin sun zama shuɗi ba? Har yau ina da shi, in ɗora? 😂

Dogo: Ɗora mana, ai shi ya sa nake gargaɗin mutane a kan BGR.

Tsohon_Hannu: Ummi, ko wacce za ki bi, ki buɗe sabuwar jaka. Ina roƙonki.

Bilki_zane: Tunda ana maganar launi, ni abin da ya ishe ni masu ba da aiki ne. Na ba wani tambari da #C8102E daidai yadda ya nema, ya kira ni wai ja ɗin ya koma ruwan lemo. Ashe ya kunna tacewar hasken dare a wayarsa. Wata kuma ta buga a firinta ta ce ya yi duhu, bayan ita ce ta sa ɗanta ya yi convert("CMYK") kai tsaye zuwa launukan tawadar bugawa, wanda lissafi ne kawai, bai san takarda ko tawadar da za a buga da ita ba. A ƙarshe ni aka ce in sake aikin.

Sani_JS: Wallahi haka suke. Nawa tambari ya turo a PNG mai alfa, wato wanda ake ganin abin da ke bayansa, ya ce lallai JPEG yake so. Pillow ya ƙi, ya ce ba zai rubuta RGBA a JPEG ba, na yi convert("RGB"), bayan tambarin ya fito baƙi ƙirin. Sai da na manna shi a kan farin hoto da alfan a matsayin mask. Da na yi masa bayani cewa ya yi in daina kawo masa turanci.

Bilki_zane: Yanzu kafin in karɓi aiki sai na tambayi mutum a wane allo zai duba, in kuma bugawa ne ya kawo min bayanin ICC na wurin bugun. Rabi ba sa dawowa da amsa.

Ummi_kod: Na gode muku duka. Malama, na duba, asalin yana da icc_profile, wanda na ajiye kuma None. Malam, na buɗe sabuwar jaka. Amma waɗanda ba su da bayanin tun farko fa, in ɗauke su a sRGB kawai?

Dogo: Bilki, wanda ya kunna hasken daren nan ya biya ki kuwa daga baya?