Ƙanwata na zaune a gida, mijinta yana Kanada yana cewa sai an sake ɗaura aure

Yayan Amarya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na faɗi abin da ke cin raina, wanda zai ji haushi ya ji. Damina biyu ke nan da aka ɗaura auren ƙanwata da wani ɗan garin nan da ke Kanada. Kowa ya san shi, ba sai na kama suna ba. Shi bai zo ba, ƙanin babansa ne ya karɓa masa bayan an sauko daga Juma'a, aka raba goro da dabino aka watse. Ya ce ba za a daɗe ba za ta bi shi. Muka kai ta Dutse ta yi fasfo, muka ba wani ejan a Kano kuɗin cika takardu, yau ko wayarmu ba ya ɗauka. Yanzu kuma ango ya aiko wai Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta hannun wakili, wai sai ya zo da kansa an sake. Ni na ce ƙarya ce. Wace ƙasa ce za ta ce aure bai ɗauru ba bayan liman ya ɗaura, shaidu sun shaida? Jan lokaci ne kawai. Mun ba shi yarinya sadaka saboda zumunci, ya bar ta ba ta cikin 'yan mata, ba ta cikin matan aure.

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Sadaka? Sadaka fa ka ce? A gabana aka ƙirga sadaki a hannun kawunku, lakadan ba ajalan ba. Lefe kuwa matan unguwarku har kwana biyu suna zuwa kallo. Ka janye wannan kalma kafin mu je ga wata magana.

Yayan Amarya: Ba zan janye ba. Mutum nawa suka zo nemanta muka mayar da su? Har da mai shagon siminti a Gumel. Muka duba zumunci muka ba ɗan'uwanku.

Abu Safwan: To wannan zaɓi ne kuka yi, ba sadaka ba. Auren sadaka kowa ya san shi a ƙasar nan, uba ne ke ɗaukar komai, har sadakin ya biya daga aljihunsa, ya kai wa malami ko almajiri. Mu kuwa saniya muka kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis muka sayar saboda wannan auren. Ka tambayi dillalan kara.

Tela: Ni na ɗinka kayan angwaye, kuma an biya ni cif. Ba a yi auren nan a ɓoye ba, ba a kuma yi shi a kyauta ba.

Maman Hanif: Tela, wa ya tambaye ka kuɗin ɗinki? Yarinya na zaune a ɗakin uwarta, ƙawayenta har sun yi goyo, ku kuna ta saniya da akwati. In ma ba sadaka ba ce, to mece ce ribar da ta ci?

Abu Safwan: Hajiya, duk wata sai ya turo mata kuɗi. Ki tambaya.

Maman Hanif: Kuɗi aka aura mata?

Malamin Islamiyya: Jama'a a yi hattara da harshe. Auren nan ingantacce ne, babu malamin da zai ce ba haka ba. Akwai waliyyi, akwai sadaki, akwai shaidu, an yi siga. Wakilci a aure kuwa ba yau aka fara ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Ummu Habiba tana ƙasar Habasha shi yana Madina, Najashi ne ya tsaya a kan lamarin. Saboda haka maganar a sake ɗaurawa ba ta taso ba a shari'a. Kalmar sadaka kuma, Yayan Amarya, ba ta dace ba, tunda an karɓi sadaki.

Yayan Amarya: Allah ya gafarta Malam, to ka ji. Kai ma ka ce ba ta taso ba. Ashe ƙaryarsa ta fito.

Malamin Islamiyya: A shari'a na ce. Dokar Turawa ba fannina ba ce.

Direban Maigatari: Ni duk wannan wahalar takarda ce ke ba ni mamaki. Uwargidana 'yar Magarya ce ta ƙasar Nijar. A mota na ɗauko ta da 'yan kai amarya, muka shigo, 'ya'yanmu biyar yanzu. Babu wanda ya taɓa ce mini in kawo hoton biki.

Ummu Yasir: Don kai namiji ne, Direba. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Amma 'yar Najeriya da ta auri baƙo, mijinta ba shi da wannan ƙofar. A watan Maris na 2022 aka kai gyaran gaban Majalisar Tarayya, suka ƙi amincewa, har mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisar. Yayata ɗan Damagaram take aure, shekara da shekaru yana kasuwanci a nan, har yau baƙo ne a takarda.

Direban Maigatari: To ai mace ce ke bin miji, ba miji ke bin mace ba.

Ummu Yasir: In sana'arsa a nan take fa? In a nan 'ya'yansa suke makaranta fa?

Direban Maigatari: Mutumin Damagaram ba baƙo ba ne a Jigawa. Kakanninmu ɗaya, Bature ne ya ja layi.

Ummu Yasir: Ka je ka faɗa wa mai duba takarda a kan hanya haka.

Baban Walida (shugaban zaure): A dawo kan magana don Allah.

Na Toronto: Ku yi haƙuri, yanzu na tashi daga aiki, mu nan ko magariba ba a yi ba. Yaya, maganar wakili gaskiya ce, ba ƙirƙirarta ya yi ba. Tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili, ko ta waya, ko ta intanet, in dai da shi za a nema wa miji ko mata takardar zama ta dindindin. Sharaɗinsu shi ne ango da amarya duk su kasance a wurin ɗaurin auren da kansu. Sojojinsu da ke bakin aiki kaɗai aka ɗauke wa. Ba cewa suka yi auren bai halatta ba, cewa suka yi ba za su ba da takarda a kansa ba, kuma dalilin da suka bayar shi ne toshe ƙofar auren dole. A lokacin ne ma suka ɗaga shekarun matar da za a ɗauko daga 16 zuwa 18. Ejan ɗin da ya karɓi kuɗinku, in ya san aikinsa, tun ranar farko ya kamata ya tambaye ku ko ango ya halarta. Kuma ina roƙonku kada kowa ya ba ku shawarar a haɗa hoto ko a rubuta cewa ya zo. Fasfonsa zai nuna bai shigo Najeriya a lokacin ba, wanda aka kama da bayanin ƙarya kuwa shekara 5 ake hana shi shiga ƙasar. Ita abin zai faɗa wa.

Tela: To mu da amarya ba ta zuwa masallaci ma? A ɗaka take ana ɗaurawa. Kenan duk auren garin nan na wakili ne.

Na Toronto: Shi ya sa nake ba masu niyyar tafiya shawara su zauna su biyun a gaban mai ɗaurawa, da waliyyi da shaidu, su sa hannu a takardar aure, a ɗauki hoto. Ko a zauren gidan amarya ne. Yadda za a gyara wanda aka riga aka ɗaura kuma, wannan ya nemi lauyan shige da fice mai lasisi a nan, kada ya sake bi ta hannun ejan.

Abu Safwan: Alhamdu lillahi. Ga shi daga bakin wanda ke can. Yanzu sai a janye ƙarya, a janye sadaka.

Na Toronto: Tsaya ɗan'uwa, ban gama ba. Akwai tambayar da ta fi ta wakili nauyi. Wace takarda ce a hannunsa? Ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin ne kaɗai ke iya ɗaukar nauyin matarsa ta samu dindindin. Mai bizar karatu ko ta aiki ba ya iyawa, tasa hanyar daban ce kuma ta wucin gadi. In yana da dindindin, to ya zo hutu, a yi abin da za a yi, ya koma ya shigar da takardu. Zai sa hannu cewa cinta da shanta da suturarta da wurin kwananta suna wuyansa har shekara 3 daga ranar da ta samu takardar. Ko sun rabu alkawarin bai faɗi ba, in ta karɓi tallafin gwamnati a cikin shekarun nan shi za a bi bashi. Ita kuma za ta yi gwajin lafiya, ta kawo takardar 'yan sanda, ta je Abuja ko Legas a ɗauki zanen yatsunta. Za su so ganin shaidar cewa auren na gaske ne, hirarrakinsu na waya, kuɗin da yake turowa, hotuna da dangi. Saboda haka kada ta goge komai a wayarta.

Abu Safwan: Yana aiki, yana tara kuɗi ne. Sai albashinka ya kai wani adadi suke yarda.

Na Toronto: Wannan Ingila ce, can ne tun Afrilun 2024 sai mai samun fam 29,000 a shekara. Kanada ba ta sa wa mai ɗauko mata irin wannan adadin ba, in ba a wani yanayi na musamman ba. Abin da ba sa so shi ne ya kasance shi kansa tallafin gwamnati yake ci. Ni tambayata ɗaya ce, dindindin gare shi ko kuwa?

Abu Safwan: Ni ba na bincika wa mutum aljihu. Abin da na sani yaron nan ba mayaudari ba ne, tare muka tashi. Kuma in ana maganar sadaka, wa ya ba mahaifinku aron gonar fadama shekarun da ambaliya ta ci taku? Mun taɓa kiranta sadaka a bainar jama'a?

Yayan Amarya: Kada ka sako mahaifina. Gonar nan buhu nawa na shinkafa muke kai muku duk kaka? Aro ne ko haya?

Abu Safwan: Buhun da ake kawowa rabi ƙaiƙayi?

Maman Hanif: Innalillahi. Bawan Allah ya yi tambaya daga wata duniya, an bar ta an koma fadama.

Malamin Islamiyya: Ina da tambaya ga na Toronto. Sakewar nan da ake faɗa, ba dai auren rajista ake nufi ba? Domin wanda aka yi a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati mace ɗaya ya yarda da ita, ya hana ƙari. Musulmi ya san abin da yake sa wa hannu.

Direban Maigatari: A'a, in haka ne a bar Kanadar. Ya dawo gida ya yi noma.

Ummu Yasir: Ɗayar ma ya kasa zuwa ya gani, kuna yi masa tanadin ta biyu.

Na Toronto: Malam, ko a ina aka ɗaura, Kanada mace ɗaya take lissafawa, ta farko. Wanda duk zai zauna a nan ya san da wannan.

Tela: Ni dai har yanzu ban ji an janye sadaka ba.

Yayan Amarya: Tela, in ka sake magana zan faɗi bashin da ake binka a nan.

Baban Walida (shugaban zaure): Ya isa haka, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da aka tsayar. An tabbatar daga bakin wanda ke zaune a can cewa Kanada ba ta karɓar auren wakili tun 2015, saboda haka yaron nan bai yi ƙarya ba, kuma wanda ya ce ya yi ya kamata ya nemi afuwarsa. Malam ya tabbatar an biya sadaki, don haka kalmar sadaka kuskure ce mai zubar da mutuncin gidan da kowa ya san su da karamci a garin nan. Ni na san mahaifin yaron tun muna makarantar allo, ba gidan da ake wulaƙanta 'yar mutane ba ne. Laifin duk na ejan ne da gaggawar dangin amarya, da suka kai kuɗi Kano ba su yi shawara da kowa ba. Abin da ya rage haƙuri ne har ya samu hutu. Maganar gona kuma ba ta zaure ba ce.

Maman Hanif: Alhaji, da girmanka, ka tsallake tambayar takardarsa. Sau biyu aka yi ta, ba a amsa ba. Kuma gidan ango ne suka ce a ɗaura ba sai ya zo ba, ba dangin amarya ba.

Yayan Amarya: Shi ya turo mana lambar ejan ɗin ma, Alhaji. Na yarda maganar wakili gaskiya ce tunda na Toronto ya faɗa. Afuwa kuwa sai na ga kati. Gobe bayan sallar asuba ni da Kawu za mu je wurin mahaifinsa, a kira shi a gabanmu ya ɗauki hoton takardar zamansa ya turo, ya kuma faɗi watan da zai zo. In babu, Kawu ya ce zai kai maganar gaban alƙali a Gumel. Na Toronto, zan turo maka hoton ka duba mana.

Na Toronto: Turo, Yaya. Gaba da baya za a ɗauka, ina son ganin ranar da zai ƙare.