Had-dis ɗina yana ƙara, ya zan kwashe kayana?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salam jama'a don Allah a taimaka, tun jiya laftof ɗina ke ƙara ƙas-ƙas sai ta ɗauke, ga furojet ɗina da hotunan bikin ƙanwata duk suna ciki, wallahi hankalina ya tashi.

Mai Gyara: Subhanallah. Ɗan'uwa daina kunna ta haka nan, kowane kunnawa ƙara lalata had-dis ɗin yake, wato ma'ajiyar kayanka da ke cikin laftof ɗin. A ciro had-dis ɗin a sa a kes na USB a jona da wata kwamfutar, ka fara kwashe furojet kafin hotuna, kuma in ta ce ka yi fomat, wato ka goge komai, kar ka yarda.

'Yar Daura: Nima had-dis ya taɓa cin kayana, har kuka na yi. In sun fito ka zuba a Google Drive, ma'ajiyar intanet, 15GB kyauta ne, ka ƙara a filash.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode, na kashe ta. Gobe in sha Allah zan nemo kes ɗin.